Gulutamet da jijiyoyin halittu marasa ƙashin baya: tambayoyi da amsoshi

Ɗaliban ilimin halittu, da masu karatun magungunan ƙwari, da masu kula da lafiyar dabbobi, duk sukan ci karo da sunan gulutamet, kuma tambayoyin da suke yi kusan iri ɗaya ne. An tattara su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Halittun da ake magana a kansu su ne marasa ƙashin baya: ƙwari irin su fara da ƙuda da kyankyaso, ƙaguwa da jatan lande, dodon koɗi, matsattsaku da tsutsotsi. Sun haura kashi 90 cikin 100 na jinsunan dabbobin da aka sani, kuma a jikinsu aka fara samun hujja mai ƙarfi cewa gulutamet saƙo yake kaiwa tsakanin jijiya da abin da take umarta.

Mene ne gulutamet, kuma me ya haɗa shi da jijiya?

Gulutamet ɗaya ne daga cikin amino asid 20 da jiki ke gina furotin da su. Babu wata ƙwayar halitta mai rai da ba ta da shi. Wani masanin sinadarai na Jamus, Karl Heinrich Ritthausen, ya fara tace shi daga furotin ɗin alkama a 1866, sannan a 1908 Kikunae Ikeda ya gano a Tokyo cewa shi ne ke ba romon wata ciyawar teku ɗanɗanonsa. Daga nan sana'ar sinadarin ƙara ɗanɗanon abinci ta samo asali.

Aikinsa na biyu shi ne wanda ya shafe mu. Ƙwayar jijiya ba ta manne da maƙwabciyarta ba. Akwai ɗan rata tsakaninsu, wajen nanomita 20, a wurin da ake kira mahaɗa. A yawancin mahaɗu wutar lantarkin jijiya ba ta tsallake wannan ratar, sai dai ƙwayar farko ta fesa wani sinadari, ta biyu ta karɓa. Gulutamet yana cikin sinadaran da ake fesawa. A ƙwaƙwalwar mutum shi ne babban mai zaburarwa. A jikin ƙwaro kuwa, shi ne ke cewa tsoka ta motsa.

Me ake nufi idan aka ce ya zaburar da ƙwayar jijiya?

Ƙwayar da ke hutawa tana riƙe da bambancin caji tsakanin cikinta da wajenta. Cikin yana ƙasa da wajen da kimanin milibolt 60 zuwa 70. Tana samun haka ne saboda kullum tana fitar da sodiyam waje tana tara potasiyam a ciki, kuma siririyar fatar da ta lulluɓe ta ba ta barin su wuce yadda suka ga dama.

Idan saƙo ya iso ƙarshen jijiya, kalsiyam yakan kutsa ciki, ya sa wasu 'yan jakunkuna cike da gulutamet su fashe a bakin mahaɗar. Gulutamet ɗin ya haye ratar ya maƙale a jikin wasu furotin da ke dashe a fatar ɗaya ƙwayar. Su ne makarɓa. Makarɓin da ke zaburarwa gaɓoɓi huɗu ne da suka kewaye wata ƙofa a tsakiya. Da zarar gulutamet ya zauna a mazauninsa sai ƙofar ta buɗe, sodiyam ya kwarara ciki, a wasu makarɓan har da kalsiyam. Cajin cikin ƙwayar sai ya hau yana nufar sifili. Idan hawan ya kai wani mizani, ƙwayar jijiya ta harba nata saƙon, ƙwayar tsoka kuma ta tsuke. Duk wannan yana faruwa ne cikin 'yan kaso kaɗan na dubu na daƙiƙa ɗaya.

A riƙe wannan da kyau, don zai yi amfani a gaba: gulutamet bai shiga cikin ƙwayar ba, ƙofa kawai ya buɗe. Abin da ya ratsa ƙofar shi ne ya yi aikin.

Ashe ba asetilkolin ne ke motsa tsoka ba?

A jikin mutum da sauran masu ƙashin baya, haka ne. Jijiyar da ke umartar tsokar hannu ko ta ƙafa asetilkolin, wani sinadarin kai saƙo daban, take fesawa, gulutamet kuma ya mamaye ƙwaƙwalwa da laka. A jikin ƙwari tsarin a juye yake: gulutamet ne a mahaɗar jijiya da tsoka, asetilkolin kuma shi ne babban mai zaburarwa a cikin ƙwaƙwalwa da kullin jijiyoyin da suka bi tsawon jiki. Ƙaguwa da jatan lande ma da gulutamet suke motsa tsokar gaɓoɓinsu.

Kada a ɗauka duk marasa ƙashin baya haka suke. Tsutsotsi irin macijin ciki da tana da matsattsaku da asetilkolin suke motsa tsokar jikinsu, gulutamet kuma yana aiki tsakanin jijiya da jijiya. A jikin sikwid, wata dabbar teku mai hannaye da yawa, tsokokin da ke buɗe ɗigogin launi a fatarsa, waɗanda ke ba shi damar sauya kama nan take, gulutamet ne ke tsuke su. Don haka tambayar da ta dace kullum ita ce: wace halitta, kuma wace mahaɗa?

Ta yaya aka tabbatar cewa gulutamet ne ɗan saƙon?

Alamun farko sun zo daga wurare daban-daban. A shekarun 1950 Takashi Hayashi ya ga cewa idan aka sa gulutamet a ƙwaƙwalwar kare yakan kama jijjiga. A wajajen 1959 da 1960, David Curtis da John Phillis da Jeffrey Watkins a Canberra ta Ostireliya suka nuna yana zaburar da ƙwayoyin lakar kyanwa. A daidai wannan lokacin wasu suka lura yana tsuke tsokar dangin ƙaguwa. To amma a ƙwaƙwalwar dabba mai shayarwa mahaɗu sun cakuɗe, dubbai a kan ƙwaya ɗaya, ba a iya nuna ɗaya a ce ga ta.

Tsokar jatan landen kogi, mai hannaye irin na ƙaguwa, ita ta warware matsalar, domin zarurrukanta manya ne kuma jijiyoyin da ke umartarta ba su da yawa. A 1964 Akira Takeuchi da Noriko Takeuchi suka wallafa aikin da har yau ake koyar da shi. Sun ja gilashi ya zama bututu mai bakin da ido ba ya gani, suka cika shi da gulutamet, suna tura shi kaɗan-kaɗan da 'yar wutar lantarki, wani bututun kuma yana soke cikin zaren tsokar yana auna caji. Sai suka riƙa matsar da bakin bututun a hankali a kan zaren. A mafi yawan wurare shiru, babu abin da ya motsa. A wasu 'yan ɗigogi kuma cajin ya yi tsalle. Da suka bincika, waɗannan ɗigogin su ne daidai inda jijiya ta sauka a kan tsokar. Da suka tura gulutamet cikin zaren kansa, bai yi komai ba; sai daga waje yake aiki. Wannan gwajin yana burge ni saboda sauƙin tunaninsa: tsoka ta ajiye kunnenta ne a inda ake yi mata magana.

Peter Usherwood da abokan aikinsa sun nuna irin haka a tsokar fara a 1968, sai Lily Jan da Yuh Nung Jan suka tabbatar da shi a tsutsar ƙudan Drosophila a 1976. A 1979 aka kai ga auna wutar da ke ratsa ƙofa guda ɗaya tak a tsokar fara, ana ganin buɗewarta da rufewarta a kan na'ura. Ƙofar fara tana wuce da wuta mai yawa, ninkin-ba-ninkin ta makarɓin asetilkolin na tsokar kwaɗo, shi ya sa ta yi daɗin aunawa.

Me ya sa aka daɗe ana musu a kai?

Saboda gulutamet ya cika yawa. Sinadarin da ke cikin kowace ƙwaya, wanda ake gina furotin da shi ake kuma ƙona shi don samun ƙarfi, da wuya a yarda cewa shi ne saƙo na musamman. Ga shi kuma yana zaburar da kusan duk ƙwayar jijiyar da aka zuba masa, har wasu suka ce wannan ba saƙo ba ne, tsokana ce kawai. A ƙwari akwai ƙarin cikas: jininsu cike yake da amino asid, kuma yana wanke gaɓoɓin ciki kai tsaye. Idan akwai gulutamet a jinin, me ya hana tsoka ta ƙage dindindin?

Amsar ta zo ne guntu-guntu. An gano cewa wani kaso na gulutamet ɗin da ake aunawa a jinin yana kulle ne a cikin ƙwayoyin jini, an kuma gano ƙwayoyin da ke kewaye da mahaɗa suna tsotse shi (duba amsar da ke bayanin abin da ke kashe saƙon). A farkon shekarun 1980 rukunin Takeuchi ya nuna cewa idan aka tayar da jijiyar jatan landen, gulutamet yana fita, kuma fitarsa na buƙatar kalsiyam kamar kowane ɗan saƙo na gaskiya. Sai kuma aka samu dafin da ke toshe amsar jijiya da amsar gulutamet a tare. Da aka fara gano ƙwayoyin gadon makarɓan, na ɓera a 1989, na tsokar ƙuda a 1991, musu ya ƙare.

Yaya abin yake a jikin ƙwaro mai rai, misali a tsallen fara?

Ƙatuwar tsokar da ke miƙe ƙafar bayan fara jijiyoyi huɗu ne kacal ke kula da ita. Biyu suna fesa gulutamet: ɗaya mai sauri, wadda ke sakin shi da yawa a bugu ɗaya don tsalle da shuri, ɗaya kuma mai sanyin hali, wadda ke sakin kaɗan-kaɗan don tafiya da tsayuwa. Ta uku tana fesa GABA, sinadari mai dannewa, wato mai hana zabura. Ta huɗu tana sakin oktofamin, wanda ke daidaita yadda tsokar ke amsawa. Tsokar mutum mai irin wannan aiki tana da ɗaruruwan jijiyoyi. Fara tana samun ƙarfi hawa-hawa ta wata hanyar: jijiya ɗaya tana sauka a wurare da dama a tsawon kowane zare, kuma yawan bugunta shi ke ƙayyade yadda zaren zai tsuke.

Kafin ta yi tsalle, fara takan naɗe ƙafar tsaf, sannan ta tsuke tsokar miƙewa da ta naɗewa a lokaci guda. Ƙafar ba ta motsi, amma ƙarfin yana taruwa yana lanƙwasa wani sashe mai tauri na ɓawon gwiwa. Wannan na iya ɗaukar kusan rabin daƙiƙa, jijiya mai sauri tana ta zuba gulutamet. Sai kwatsam a danne jijiyoyin tsokar naɗewa, ƙafar ta ɓalle, fara ta bar ƙasa cikin kaso 30 na dubu na daƙiƙa ko ƙasa da haka. Zaburarwa ce ta tara ƙarfin, dannewa kuma ta sake shi.

Shin gulutamet kullum zaburarwa yake yi?

A'a, kuma wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a shafin nan. Tun a farkon shekarun 1960 masu aiki da ƙwayoyin dodon koɗi suka ga abin mamaki: gulutamet ɗaya, amma wata ƙwayar ta zabura, maƙwabciyarta ta yi tsit. A shekarun 1970 Stuart Cull-Candy da Usherwood suka nuna cewa a fatar tsokar fara, nesa da mahaɗa, akwai makarɓa iri biyu zaune kusa da juna. Ɗaya yana buɗe wa sodiyam, cajin ya hau. Ɗayan yana buɗe wa kuloraid, wanda cajinsa kishiyar na sodiyam ne, sai ƙwayar ta ƙara nutsuwa. Wannan na biyun ba ma ɗan gidan na farko ba ne. Gaɓoɓinsa biyar ne, kuma danginsa su ne makarɓan GABA da na asetilkolin. Masana suna taƙaita sunansa da GluCl, kuma masu ƙashin baya ba su da shi.

Abin ya fi fitowa fili a inda jijiya ɗaya ke yin aiki biyu. A cikin ƙaguwa da lobsta akwai wani kullin jijiya mai ƙwayoyi wajen 30 da ke sarrafa tauna da tace abinci a tumbi, wanda Eve Marder ta shafe shekaru tana nazarinsa. Wasu ƙwayoyinsa suna zaburar da tsoka da gulutamet, kuma da wannan gulutamet ɗin suke danne maƙwabtansu a cikin kullin. A 'yar tsutsar nan C. elegans, mai ƙwayoyin jijiya 302, wata ƙwayar jin ƙamshi tana fesa gulutamet ga ƙwayoyi biyu: ɗaya ta zabura, ɗayar ta danne, kuma daga wannan bambancin tsutsar ke sanin ko ta ci gaba ko ta juya. A ƙwaƙwalwar ƙuda ma an nuna gulutamet yana dannewa a sashen da ke tantance wari.

Kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa ne: ƙwanƙwasawar ɗaya ce, abin da zai biyo baya ya danganta da wanda ke cikin gidan. Littattafan makaranta da ke rubuta "gulutamet sinadari ne mai zaburarwa" su tsaya nan suna tauye wa ɗalibi gaskiya, domin wanda ya haddace haka ba zai taɓa gane yadda maganin tsutsar nan ibamektin ke aiki ba (duba amsar da ke kansa a ƙasa).

Waɗanne sinadarai ne ake kira 'yan uwan gulutamet?

Sinadarai ne da siffarsu ta yi kama da tasa har suna iya zama a mazauninsa. Mafi kusa shi ne aspatet, wani amino asid, wanda shi kaɗai ba shi da ƙarfi a tsokar lobsta amma yana ƙara wa gulutamet tasiri. Sauran kuwa yawancinsu daga tsirrai da ciyayin teku aka samo su, kuma da dama cikinsu an fara sanin su ne a matsayin maganin tsutsar ciki ko na ƙwari. Kainet an tace shi a Japan a 1953 daga jar ciyawar teku Digenea simplex, wadda aka daɗe ana sha don fitar da macijin ciki. Kwiskwalet daga 'ya'yan tsiron Quisqualis indica yake, shi ma tsohon maganin tsutsa ne. Ibotenet yana cikin wasu naman kaza masu guba na dangin Amanita.

Amfaninsu ga mai bincike shi ne kowanne yana da makarɓin da ya fi so. Kwiskwalet yana zaburar da mahaɗar tsokar fara da ta jatan lande da ƙarfin da ya zarce na gulutamet kansa. Kainet ba ya yin abin kirki a wannan mahaɗar, amma yana tayar da manyan ƙwayoyin jijiyar matsattsaku sosai. Ibotenet kuma shi ya taimaka wajen bambance makarɓin kuloraid na tsokar fara, don ya fi karkata gare shi. Da irin wannan gwaji, sinadari bayan sinadari, aka rarrabe makarɓan tun kafin a san ƙwayoyin gadonsu. Tasirin ba a ɗakin gwaji ya tsaya ba: furen Pelargonium yana ɗauke da kwiskwalet, kuma wani buzuzun Japan da ke cin furen yakan faɗi a shanye na tsawon sa'o'i.

Wani kuma, domoik asid, ya yi suna ta mummunar hanya. A 1987 a Kanada sama da mutum 100 suka kamu da rashin lafiya bayan cin wasu dabbobin teku masu ɓawo biyu da aka kiwata a tsibirin Prince Edward, aƙalla 3 suka rasu, wasu kuma suka rasa ikon riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwa. Wasu ƙananan tsirran ruwa ne ke samar da gubar, dabbobin suka tace su daga ruwa suka tara ta a jikinsu. Gubar tana riƙe makarɓan kainet a buɗe har kalsiyam ya yi wa ƙwayar jijiya yawa ta mutu.

Makarɓan ƙwaro iri ɗaya ne da na mutum?

Dangi ɗaya ne, amma ba tagwaye ba. A ƙwaƙwalwar masu shayarwa an raba makarɓan gulutamet masu ƙofa gida uku, bisa sinadarin da ya fi buɗe kowanne: AMPA, kainet da NMDA. Ƙuda da tsutsa da dodon koɗi duk suna da ƙwayoyin gado masu kama da waɗannan. Sai dai sunayen suna iya yaudara. Makarɓin tsokar Drosophila, a jerin gadonsa, ya fi kusa da gidan kainet, amma kainet ba ya buɗe shi, AMPA da NMDA ma haka; gulutamet da kwiskwalet yake amsa wa. Wanda ya ɗauko jadawalin magungunan ɓera ya ɗora wa ƙwaro kai tsaye zai sha mamaki.

Akwai kuma makarɓa marasa ƙofa, waɗanda ke aika saƙo cikin ƙwayar ta hanyar wasu furotin. Aikinsu a hankali yake, kuma sau da yawa suna zaune ne a ƙarshen jijiyar da ta fesa gulutamet ɗin, suna rage mata zafi idan ta yi yawa.

Me ke kashe saƙon bayan an fesa shi?

Asetilkolin yana da wani furotin da ke farfasa shi a cikin ratar, amma gulutamet ba shi da irin wannan. Kwashe shi ake yi. Wani yana watsewa da kansa, sauran kuma furotin masu tsotsa, da ke jikin ƙarshen jijiya da ƙwayoyin da ke tallafa mata, su mayar da shi ciki a sake amfani da shi. Makarɓin ma yana da nasa birki: idan gulutamet ya daɗe a kansa sai ya rufe ƙofa ya daina amsawa, ko da gulutamet ɗin yana nan. A tsokar fara aka gano a 1976 cewa wani furotin na wake, konkanabalin A, yana cire wannan birkin, abin da ya sauƙaƙa auna ƙofa guda da aka ambata a amsar tarihin ganowa.

Gaskiya ne dafin gizo-gizo da na zanzaro a nan suke kai hari?

Wasunsu, ƙwarai kuwa. Mafarauci da ke son ƙwaro ya daina motsi nan take, babu inda ya fi masa kamar mahaɗar jijiya da tsoka. Zanzaron Philanthus triangulum, wanda ke farautar ƙudan zuma ya kai wa 'ya'yansa a rami, yana da dafi mai suna filantotoksin. Gizo-gizon Joro na Japan da na dangin Argiope suna da makamantansa. Ƙananan sinadarai ne masu doguwar jela mai caji. Ba sa gasa da gulutamet a kan mazauninsa. Jira suke ya buɗe ƙofar, sai jelar ta zura ciki ta toshe ta. Ma'ana, gwargwadon yadda ƙwaron ke fafutukar kuɓuta, gwargwadon yadda ƙofofinsa ke buɗewa dafin ya samu shiga.

Filantotoksin ya bayyana wani abu da nake ganin ya cancanci a san shi. A ɗakin binciken Graeme Davis an sa wa mahaɗar tsutsar ƙuda ɗan dafin da zai toshe wani kaso na makarɓan. An wallafa sakamakon a 2006: cikin kimanin minti 10 jijiyar ta ƙara yawan jakunkunan da take fasawa a kowane bugu, har amsar tsokar ta koma kusan yadda take a da. Wato tsokar ta aika wa jijiya bayani a baibai cewa saƙo ya ragu, jijiyar kuma ta cike giɓin daidai gwargwado.

Ina ibamektin ya shigo cikin wannan magana?

Ta ƙofar kuloraid ɗin nan da aka yi bayani a amsar "shin kullum zaburarwa yake yi". Satoshi Ōmura ya samo bakteriyar ƙasa Streptomyces avermitilis a Japan, William Campbell da abokan aikinsa a Amurka suka gano sinadarinta yana kashe tsutsotsi, aka gyara shi ya zama ibamektin. An fara sayar da shi don dabbobi a 1981, aka amince da shi don mutane a 1987 saboda cutar makantar da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa. Ōmura da Campbell sun samu kyautar Nobel a 2015 tare da Tu Youyou. An yi shekaru ana amfani da maganin kafin a gano ƙwayar gadon makarɓin da yake kamawa, a C. elegans, a 1994. A 2011 aka fitar da cikakken hoton siffar makarɓin da maganin maƙale tsakanin gaɓoɓinsa.

Ibamektin yana buɗe ƙofar a hankali, kuma da wuya ta sake rufewa. Kuloraid ya yi ta wucewa, jijiya da tsoka su kasa zabura. Maƙogwaron tsutsar ya daina zuƙar abinci, jikinta ya shanye. Haka yake yi wa kaska da ƙwarƙwata da ƙwayar ƙazuwa. Mutum da dabbobinsa suna tsira saboda dalili biyu: ba su da wannan makarɓin, kuma wani furotin a shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa yana fitar da maganin kafin ya kai ga makarɓan da zai iya taɓawa a can. Wasu karnuka, musamman irin Collie, suna da tawaya a wannan furotin, kuma maganin na iya yi musu mummunar illa. Ƙa'idar sha ko allura ta likita ce. Ba ya kuma aiki a kan tsutsa mai faɗi irin ta hanta.

Idan tsokar ƙwaro da gulutamet take aiki, zuba masa sinadarin ɗanɗano zai kashe shi?

A'a. Wanda ya ci ta baki hanji ne ke sarrafa shi kamar kowane abinci, wanda ya kai jini kuma masu tsotsa suna kwashe shi. A ɗakin gwaji, allurar gulutamet mai yawa cikin jiki tana iya shanye ƙwaro na ɗan lokaci, amma wannan ba hanyar kashe ƙwari ba ce. Manyan magungunan da ke kasuwa wasu wuraren suke kamawa: neonikotinoid makarɓan asetilkolin na ƙwaƙwalwa, firetiroid ƙofofin sodiyam na jijiya, fifronil kuma yana toshe ƙofofin kuloraid na GABA da na gulutamet.

Yana da hannu a koyo da tunawa?

Yana da shi. Aplysia wani ƙaton dodon koɗin teku ne mara ɓawon waje, mai ƙwayoyin jijiya wajen 20,000, wasunsu manya har ana iya ganinsu da ido. Idan aka taɓa shi yakan janye matattarar numfashinsa, kuma yana koyon ƙara ko rage wannan janyewar. Da shi Eric Kandel ya yi aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2000. A 1993 aka kawo hujjar cewa gulutamet ne ɗan saƙo tsakanin ƙwayar ji da ƙwayar motsi a wannan da'irar. Idan dabbar ta sha zafi, wani sinadarin jijiya mai suna serotonin yakan sa ƙwayar ji ta ƙara yawan gulutamet ɗin da take fesawa.

David Glanzman da ɗalibansa suka ƙara da cewa ɓangaren karɓa ma yana canzawa, ta hanyar makarɓin NMDA. Wannan makarɓin maganiziyam ne ke toshe ƙofarsa, kuma ba ya fita sai ƙwayar ta riga ta ɗan zabura. Don haka ƙofar ba ta wuce da kalsiyam sai abu biyu sun haɗu a lokaci guda: gulutamet daga waje, zabura daga ciki. Kalsiyam ɗin da ya shiga shi ke ƙarfafa mahaɗar. Ƙudan da aka raunana masa wannan makarɓin yakan kasa koyon guje wa warin da aka haɗa masa da azaba.

Tun yaushe halittu ke amfani da gulutamet a matsayin saƙo?

Tun kafin a samu ƙwaƙwalwa. An samu furotin mai ɗaure gulutamet ya buɗe ƙofar potasiyam a wata bakteriya mai amfani da hasken rana. Tsirrai ma suna da dangin waɗannan makarɓan, kuma a 2018 aka nuna cewa idan tsutsa ta ciji ganyen Arabidopsis, gulutamet ɗin da ya zubo daga raunin yana tayar da igiyar kalsiyam da ke isa ganyaye na nesa cikin minti ɗaya zuwa biyu. Hydra, 'yar halittar ruwa mai jijiyoyi a warwatse ba tare da ƙwaƙwalwa ba, takan buɗe baki idan ta ji gulutatayon, wani sinadari mai gulutamet a jikinsa da ke tsiyaya daga abin da ta harba. An san wannan tun 1955.

Ƙwari sun kai dangin makarɓan wani wuri daban. A 2009 Richard Benton da abokan aikinsa suka gano cewa wani babban rukunin makarɓan jin wari a ƙahonin ƙuda jikokin makarɓan gulutamet ne. Mazauninsu ya sauya siffa, ya daina kama gulutamet, ya koma kama tsami da amoniya da makamantansu daga iska. Wasu daga cikinsu suna jin zafi da sanyi da danshi. Da irinsu macen sauro ke jin tsamin da ke fita daga gumin mutum, kuma an nuna a sauron Aedes aegypti cewa idan aka lalata ɗaya daga cikinsu, mai suna Ir8a, sha'awarsa ga warin mutum takan ragu sosai.